FASHIN BAƘI: Wa ke da ikon zaɓar manhajojin da ke shiga wayarka?

Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ko a wata kasuwar wayoyi irinta, ya san abin da ke biyo bayan ciniki. Kafin ya bar wurin zai miƙa wayar ga ɗaya daga cikin matasan da ke zaune gaban kwamfuta, a tura masa WhatsApp da Facebook da manhajar Alƙur'ani da ta kallon bidiyo. Wanda bai bi ta nan ba, da yamma abokinsa zai buɗe Xender ya tura masa nasa, ba tare da an ƙona data ko ta sisin kwabo ba. Amma da zarar an ce wayar iPhone ce, sai mai turin ya girgiza kai. Hotuna da waƙoƙi za su iya shiga, manhaja kuwa ba ta da hanya sai ta rumbun kamfanin Apple.

Wannan bambanci da muke gani a bakin kasuwa shi ne tushen wata taƙaddama da ta shafe shekaru tana yawo a kotunan Amurka da majalisun Turai da na Asiya. A zahiri rikicin kuɗi ne tsakanin manyan kamfanoni. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta shafi duk matashin da ke karanta labarai, ko shirya gangami, ko sa ido kan zaɓe ta hanyar wayarsa: idan ka sayi waya da kuɗinka, kai ne ke da ta cewa kan abin da zai shiga cikinta, ko kamfanin da ya ƙera ta, ko kuwa gwamnatin da za ta iya matsa wa kamfanin lamba?

Gari mai ƙofa ɗaya da gari mai ƙofofi

Rumbun manhajoji kasuwa ce da ke cikin waya, inda masu ƙirƙirar manhaja ke baje kolinsu, masu waya kuma su zo su sauke. Apple ya buɗe nasa, wato App Store, a watan Yulin 2008 da manhajoji kusan 500, shekara guda bayan fitowar iPhone ta farko. Google ya biyo baya a watan Oktoba na wannan shekarar da Android Market, wanda aka sauya wa suna zuwa Google Play a 2012.

Tun daga farko kamfanonin biyu suka raba hanya. Tsarin Apple ya yi kama da birni mai ganuwa wanda ƙofarsa ɗaya ce tak. Duk mai son kawo manhaja sai ya yi rajista, ya riƙa biyan dala 99 a kowace shekara, sannan ya miƙa aikinsa ma'aikatan kamfanin su duba. In sun amince ta shiga, in sun ƙi ba wata ƙofar da zai zagaya.

Android shi ma yana da babbar ƙofa, wato Google Play, inda kuɗin rajista dala 25 ne sau ɗaya. Amma ganuwar tasa tana da wasu ƙofofin. Samsung yana da Galaxy Store, wayoyin Tecno da Infinix da Itel na kamfanin Transsion suna zuwa da Palm Store, akwai kuma F-Droid da masu aikin sa kai ke gudanarwa tun 2010, wanda ba ya ɗaukar komai sai manhajojin da kowa zai iya duba yadda aka rubuta su. Bayan waɗannan duka, mai waya yana iya samun manhajar a dunƙule cikin fayil ɗin da ake kira APK, ya ɗora ta da kansa ba tare da ya bi ta kowane rumbu ba. Wannan shi ne shigar da manhaja ta ƙofar gefe, kuma shi ne abin da masu turi a kasuwa da abokai a majalisa suke yi kullum, ko da ba su san rigimar da ake yi a kansa ba.

Hujjar masu tsaron ƙofa

Apple ya daɗe yana kare tsarinsa da hujjar tsaro. Waya, in ji kamfanin, ta fi kwamfuta ɗaukar sirrin mutum: asusun bankinsa, hotunan iyalinsa, saƙonninsa, da duk inda ya taka. Idan aka bar kowa ya shigo da abin da ya ga dama, ɓarayi da masu kutse ne za su fara cin gajiya. A 2021 shugaban kamfanin, Tim Cook, ya yi gargaɗin cewa tilasta buɗe ƙofar gefe zai rusa tsaron iPhone. A wannan shekarar ne kuma Craig Federighi, wanda ke jagorantar sashen manhajojin kamfanin, ya shaida wa kotu cewa yawan manhajoji masu cutarwa a kwamfutocin Mac, waɗanda Apple ya bari a buɗe, ya kai matakin da su kansu ba su gamsu da shi ba.

Wannan hujja tana da ƙanshin gaskiya. Mafi yawan damfarar da ake yi ta manhaja ba ta buƙatar wata gwaninta. Ana aiko wa mutum saƙo ne cewa ga tallafin gwamnati ko data kyauta, ya latsa, ya sauke, ya ba da izini. Daga nan manhajar za ta iya karanta saƙonnin da bankinsa ke aiko masa, har da lambobin sirri na tura kuɗi. Google da kansa ya ce bincikensa ya nuna manhajoji masu cutarwa da ke shigowa daga intanet ta ƙofar gefe sun ninka na Google Play fiye da sau 50, kodayake ya kamata a tuna cewa mai rumbun ne ya fitar da wannan ƙididdiga.

Sai dai ganuwa ba ta hana ɓarawo shiga baki ɗaya. A watan Satumban 2015 an gano cewa wata cuta da aka sa wa suna XcodeGhost ta kutsa cikin manhajoji masu yawa da ke App Store, bayan sun tsallake tantancewar Apple. Haka nan manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci, ta shiga wayoyin iPhone na 'yan jarida da masu fafutuka ba tare da sun sauke komai ba. Rufe ƙofa yana rage haɗarin da talaka ke fuskanta daga ɗan damfara, amma bai isa ya kare wanda gwamnati ta sa a gaba ba.

Inda gizo ke saƙar: la'ada

Masu sukar kamfanonin suna cewa ba tsaro kaɗai ake karewa ba, har da kuɗin shiga. Duk abin da aka saya a cikin manhaja wanda ba na zahiri ba ne, kamar kuɗin rajistar sauraron waƙa ko kayan wasan bidiyo, mai rumbu yana cire la'adarsa, wadda ta daɗe a kan kashi 30 cikin 100. Sayen takalmi ko biyan kuɗin mota ta manhaja ba ya cikin wannan lissafi. A 2021, bayan matsin lamba ya yi yawa, kamfanonin biyu sun rage la'adar zuwa kashi 15 ga ƙananan masu ƙirƙira: Apple ga wanda cinikinsa bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba, Google kuma a kan dala miliyan 1 na farko.

Ba laifi ba ne dillali ya karɓi la'ada. Ƙorafin shi ne dillalin shi ne sarkin kasuwa, shi ne mai fili, shi ne alƙalin da ake kai wa ƙara, kuma yana da nasa shagon a cikin kasuwar. Kamfanin Spotify ya yi wannan kuka a Turai, cewa Apple yana cire masa la'ada alhali yana gasa da shi ta Apple Music, ya kuma hana shi gaya wa masu saye cewa akwai farashi mai sauƙi a waje. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Apple sama da yuro biliyan 1.8 kan wannan batu.

Yadda ta kaya a kotuna da majalisu

A ranar 13 ga Agusta, 2020, kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya saka tasa hanyar biyan kuɗi a cikin wasan da gangan, da farashi mai rahusa. A ranar Apple da Google suka cire wasan daga rumbunansu, Epic kuma ya maka su a kotu, domin dama abin da yake jira ke nan.

A shari'ar Apple, mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta yanke hukunci a watan Satumban 2021. Ta ba Apple gaskiya a tuhuma 9 cikin 10, amma ta umarce shi ya daina hana masu manhaja nuna wa jama'a wata hanyar biya a waje. Apple ya bi umarnin ta wata siga: ya yarda a sa hanyar, amma ya ce zai karɓi kashi 27 cikin 100 na cinikin da aka yi ta can. A watan Afrilun 2025 mai shari'ar ta ce kamfanin ya saɓa wa umarninta da gangan. Apple ya ɗaukaka ƙara, Fortnite kuma ya koma App Store na Amurka a watan Mayu, bayan kusan shekara biyar.

Abin mamaki, Google mai ƙofofi da yawa shi ne ya fi shan kaye. A watan Disambar 2023 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a San Francisco suka same shi da laifin yin babakere ba bisa ƙa'ida ba. An gabatar da shaidun yarjejeniyoyin kuɗi da ya ƙulla da masu ƙera wayoyi da manyan masu ƙirƙirar wasanni, waɗanda Epic ya ce an yi su ne don kada wani rumbu ya yi ƙarfi. A watan Oktoban 2024 mai shari'a James Donato ya umarci Google ya ba rumbunan abokan hamayya dama, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Yulin 2025.

Wasu ƙasashen ba su jira kotu ba. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2021 da ta hana tilasta wa masu manhaja amfani da hanyar biyan kuɗi ta mai rumbu. Tarayyar Turai ta fi kowa zurfafawa da Dokar Kasuwannin Dijital, wadda ta sa daga watan Maris na 2024 Apple ya amince da wasu rumbunan a kan iPhone a ƙasashe 27 na tarayyar. Ko a nan kamfanin bai saki ragama duka ba, domin har yanzu yana yi wa kowace manhaja wani nau'in tantancewa, ya kuma ƙirƙiro sababbin kuɗaɗe. A watan Afrilun 2025 an sake cin tararsa yuro miliyan 500. Japan ma ta yi tata dokar a 2024.

Abin lura ga mai karatu a nan shi ne, waɗannan sauye-sauye sun tsaya a iyakokin ƙasashen da suka yi dokar. Mai iPhone a Paris yana iya shiga wani rumbun, mai irin wayar a Abuja ko Yamai kuwa yana nan da ƙofa ɗaya.

Idan gwamnati ta ƙwanƙwasa ƙofar

Ƙofa ɗaya tana da sauƙin tsarewa, tana kuma da sauƙin rufewa. Gwamnatin da ke son hana jama'a wata manhaja ba ta buƙatar bin miliyoyin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, wasiƙa guda zuwa ga mai rumbu ta wadatar.

A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN masu yawa daga rumbunsa na ƙasar Sin, wato manhajojin da ake amfani da su wajen tsallake toshewar intanet. A watan Oktoban 2019, lokacin zanga-zangar Hong Kong, ya cire HKmap.live da masu zanga-zangar ke duba inda 'yan sanda suke. A watan Oktoban 2021 ya cire Quran Majeed, ɗaya daga cikin fitattun manhajojin Alƙur'ani a duniya, daga rumbun Sin bisa buƙatar hukumomin ƙasar. A watan Afrilun 2024 WhatsApp da Threads suka bi sahu. Amsar kamfanin a kullum ita ce wajibi ne ya bi dokokin ƙasar da yake kasuwanci a ciki. Sin babbar kasuwa ce ga Apple, can ne kuma aka daɗe ana harhaɗa akasarin wayoyinsa, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A Rasha, ranar 17 ga Satumba, 2021, ranar da aka fara zaɓen 'yan majalisa, Apple da Google duka suka cire manhajar magoya bayan Alexei Navalny, wadda ke nuna wa masu zaɓe ɗan takarar da ya fi damar kayar da jam'iyya mai mulki a kowace mazaɓa. Rahotanni sun ce an yi wa ma'aikatan kamfanonin da ke Rasha barazanar gurfanarwa. A nan bambancin tsarin biyu ya fito fili. Mai Android yana da damar karɓar fayil ɗin daga hannun wani ya ɗora, mai iPhone kuwa ba shi da wannan damar.

Ba ƙasashen kama-karya kaɗai ke yin haka ba. A watan Janairun 2025 TikTok ya ɓace daga rumbunan Amurka na wasu makonni saboda wata dokar majalisar ƙasar, har kamfanin ya koma ba masu Android fayil ɗin kai-tsaye daga shafinsa. A watan Oktoban 2025 Apple ya cire ICEBlock, manhajar da ake sanar da juna inda aka ga jami'an shige da fice, bayan gwamnatin Donald Trump ta nemi a yi hakan.

Darasin Najeriya yana da fuska biyu

A ranar 4 ga Yuni, 2021, gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai 13 ga Janairu, 2022. Ta kamfanonin sadarwa aka toshe shi, don haka matasa suka rungumi VPN suka ci gaba da magana, duk da barazanar gurfanarwa daga ofishin Antoni Janar. Daga baya kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. Waɗannan manhajojin VPN daga rumbunan Google da Apple aka sauke mafi yawansu. Da a ce an bi hanyar Sin an nemi a cire su, kuma kamfanonin suka amsa, ƙofar gefe ce kawai za ta rage. Sa'ar da aka yi ita ce akasarin wayoyin da ke hannun 'yan Najeriya Android ne.

Ɗaya fuskar kuma ba ta da daɗin ji. Manhajojin bayar da bashi sun addabi jama'a, suna kwashe lambobin da ke wayar mai karɓar bashi, in ya makara su aika wa iyayensa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma nemi Google ya cire masu laifi daga rumbunsa. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Sai hukumar ta koka cewa wasu masu bashin sun koma raba manhajojinsu ta APK. Ƙofar da ta ceci ɗan fafutuka ita ce ta ba azzalumin mai bashi mafaka. Amma kada a manta cewa tun farko ta babbar ƙofa waɗannan manhajoji suka shigo, da tambarin amincewar mai rumbu.

Google na shirin sa wa ƙofar gefe sakata

A watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa duk manhajar da za a ɗora a wayoyin Android masu ɗauke da hidimominsa, ko ta wace ƙofa ta shigo, sai mai ita ya yi rajista ya tabbatar wa kamfanin ko shi wane ne. Ya ce za a fara a watan Satumban 2026 a Brazil da Indunusiya da Singafo da Thailand, sannan a faɗaɗa zuwa sauran duniya daga 2027. Hujjarsa ita ce ɗan damfara da aka kama ba zai iya sauya suna ya dawo washegari ba.

Masu gudanar da F-Droid sun ce tsarin barazana ce ga wanzuwar aikinsu. Akwai kuma damuwar wanda ya rubuta manhajar fallasa almundahana ko ta tattara sakamakon zaɓe, wanda ɓoye sunansa shi ne garkuwarsa. Sunan da aka ajiye a hannun kamfani, wata rana kotu ko hukumar tsaro na iya nemansa. Bayan suka ta yi yawa, Google ya ce a watan Nuwamban 2025 zai samar da wata hanya ga masu waya da suka san abin da suke yi, su iya ɗora manhajar da ba a tantance mai ita ba bayan an gargaɗe su. Yadda wannan hanya za ta kasance a aikace shi ne abin sa wa ido, musamman ganin cewa 2027 shekarar babban zaɓe ce a Najeriya.

Abin da ya rage wa mai waya

'Yancin ƙofar gefe yana zuwa da nauyi a wuyan mai waya. Idan za ka ɗauki manhaja daga wajen rumbu, ka ɗauke ta daga shafin masu ita na ainihi, kada ka yarda da wadda aka turo maka a zauren WhatsApp da alkawarin tallafi ko kyauta. Ka duba izinin da take nema, domin manhajar tocila ba ta da hurumin karanta saƙonninka ko ganin lambobin mutanenka. Kada ka kashe Play Protect don wata manhaja ta ce ka kashe, kuma bayan ka gama ɗorawa ka janye izinin da ka ba wa burauza ko Xender na shigar da manhajoji. Jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, duk da farin jininsu, kamfanin ya yi gargaɗin cewa ba ya lamunce tsaronsu, yana kuma iya rufe asusun mai amfani da su. Ɗan jarida ko ɗan fafutukar da ke tattauna abu mai haɗari a irin waɗannan manhajoji yana jefa kansa da majiyoyinsa cikin matsala.

Sauran nauyin yana kan 'yan majalisa da hukumomi, kuma a nan ne ya kamata matasa su yi tambaya. Sau nawa hukumomin Najeriya suka nemi Google ko Apple su cire wata manhaja, wace doka suka dogara da ita, kuma wace kotu ce ta duba? Wanda aka cire wa manhaja, ina zai kai ƙara? Ikon da FCCPC ta yi amfani da shi a kan masu bashi ya amfani jama'a, amma wannan ikon ne dai wata hukumar za ta iya juyawa kan jarida ko ƙungiyar sa ido kan zaɓe. Turai da Koriya ta Kudu da Japan sun rubuta wa masu rumbu ƙa'idoji a fili. Muddin ba a yi irin wannan muhawara a nan ba, za a ci gaba da yanke hukunci kan wayoyinmu a California da Brussels, ko kuma a cikin wata wasiƙar gwamnati da ba wanda ya gani.